Mai Zane Ba Ya Zaman Jiran Ilhama: Yadda Rubens Yake Tafiyar da Yininsa

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne, tun ina yaro nake son zane, kuma ina so ya zama sana'ata. Yayana yana cewa aikin zaman banza ne, wai mai zane kulle kansa yake yi a ɗaki yana jiran ilhama, ba ya shiga mutane. Don Allah yaya yinin ƙwararren mai zane yake tafiya? Yana samun lokacin jama'a kuwa?

Amsa: Ƙanena, ka gaida mini yayan naka, ka ce masa wanda yake kwatantawa mai zanen sha'awa ne, wanda ba da burushi yake ciyar da iyali ba. Wanda zane ya zama abincinsa, ya fi kama da babban tela ana gobe sallah: yara cike da shago, masu kaya suna zirga-zirga, wani yana neman ragi, wani ya zo karɓar abin da ba a ko yanka ba. Na daɗe ina koyar da zane ina kuma karɓar aiki, amma yinina ba zai gamsar da kai ba, don ƙaramin shago ne. Bari in ɗauko maka mutumin da aka rubuta sosai yadda yake kwana yake tashi, wato Peter Paul Rubens na birnin Antwerp, a ƙasar da yau ake kira Beljiyam. An haife shi a 1577, ya rasu a 1640, kuma ayyukan da masana suka jingina masa sun kai kusan 1,400, ban da zanen takarda. Da yawansu sun fi bangon ɗakin kwananka tsawo.

Ɗan ɗan'uwansa ne ya ba da labarin tsarin yininsa. Ƙarfe huɗu na asuba yake tashi. Ya fara zuwa coci addu'ar safe, in dai ciwon gaɓoɓin da ya dame shi a ƙarshen rayuwa bai hana shi ba, sannan ya shiga ɗakin aiki. Yana fenti, wani da yake biya yana zaune gefe yana karanta masa littattafan tarihi da hikima na mutanen da, irin su Plutarch da Seneca. Da rana ba ya cika ciki, musamman da nama, don yana ganin nauyin abinci yana dusashe masa tunani. Haka zai yi ta yi har wajen ƙarfe biyar na yamma, sai ya hau doki ya zaga ganuwar gari ko ya fita bayan gari ya sha iska. In ya dawo ya tarar da abokai sun zo cin abincin dare, a yi hira. Ba ya son yawan shan giya, ba ya caca. Kuma shi ba mai yawan zuwa gidajen mutane ba ne, su ne suke zuwa wurinsa, ya tarbe su hannu biyu-biyu.

Wannan tashin asuba ba wai tsananin kamun kai ne kawai ba, haske ne ya tilasta. Ba lantarki a zamanin, kuma hasken kyandir yana yi wa ido ƙarya game da launi: abin da ka gani ja mai kyau da dare, gari na wayewa ka ga ya koma wani abu dabam. A lokacin sanyi kuwa rana a can gajeriya ce ƙwarai. Don haka duk abin da ba ya bukatar hasken rana, ibada ce ko karatu ko lissafin kuɗi, sai a tura shi gaba ko baya, a bar wa burushi tsakiyar yini. Har yau haka nake yi. Ba na haɗa launin fatar mutum bayan la'asar sakaliya, ko da akwai wuta.

Akwai wani matashi mai suna Otto Sperling, wanda daga baya ya zama likita a fadar Denmak, da ya kai masa ziyara a 1621 ya rubuta abin da ya gani. Ya ce sun same shi yana fenti, ana karanta masa littafin Tacitus, masanin tarihin Rumawan da, a lokaci guda kuma yana yi wa magatakarda shiftar wasiƙa. Baƙin suka yi shiru don kada su katse shi, sai shi da kansa ya fara jan su da hira, bai ajiye burushi ba, bai tsayar da mai karatu ba, bai fasa shiftar ba. Ni dai ina zargin akwai ɗan nuna isa a ciki, don Rubens ya san baƙo zai tafi ya ba da labari, kuma labarin talla ne. Amma abin da ya fi amfani a bayanin shi ne ɗakin da aka kai su daga baya: babban zaure marar taga, haske yana saukowa daga wata kafa a rufi, samari da yawa kowa yana aiki a kan zanen da maigida ya zana masa da alli ya ɗiga launi nan da can. Su za su cike, shi ya zo ya yi hannun ƙarshe.

A nan ne mutane suke yamutsa fuska, su ce ashe ba shi yake zanawa ba. To, ka tambayi kanka, in an ce babban magini ya gina masallaci, shi ya kwaɓa ƙasa ya ɗora kowane tubali? Masallacin Juma'a na Zariya sunan Babban Gwani yake ɗauke da shi, kuma ba wanda ya taɓa zaton shi kaɗai ya yi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ake saye a wurin gwani shi ne tsarin da idon da yake sa wa aikin. Rubens yakan fara da ƙaramin zane na fentin mai a kan allon katako, wani bai fi faifai biyu ba, ya nuna wa mai aiki. In an amince, yara su faɗaɗa shi a kan babban kambas, wato ƙyallen nan mai kauri da ake ɗaurewa a firam, sannan ya bi ya gyara fuska da hannuwa da wuraren haske. Kuma abin a fili ake yin sa, har a takardar yarjejeniya. A 1620 da aka ba shi kwangilar zane 39 na rufin cocin 'yan Jesuit, wata ƙungiyar limaman Katolika, a Antwerp, an rubuta cewa ƙananan zanen da hannunsa zai yi su, manyan kuma Anthony van Dyck da sauran yaransa su aiwatar. Tsawa ta faɗa wa cocin a 1718, gobara ta cinye rufin duka. Abin da ya rage mana shi ne waɗancan ƙananan da ya yi da kansa, kuma a wurina sun fi manyan ayyuka da yawa rai.

Ka duba yadda yake ciniki. A 1618 ya so ya karɓi tarin tsofaffin sassaƙen dutse daga hannun Dudley Carleton, jakadan Ingila a Hague, ya biya da zane. Sai ya aika masa da jeri, kowane zane da girmansa da kuɗinsa da bayanin wanda ya taɓa shi. Na Daniyel a ramin zakuna, ya ce dukansa da hannunsa ne, fulorin 600 (fulorin shi ne kuɗin ƙasar a lokacin). Na Prometheus na tatsuniyar Girkawa, fulorin 500, da hannunsa, amma gaggafar da ke ciki Frans Snyders ne ya zana, don shi ne gwanin dabbobi da tsuntsaye. Wani kuma ya ce yaronsa ne ya fara, shi zai bi ya gyara. A lokacin ƙwararren magini a garin bai wuce fulorin ɗaya da 'yan kai yake samu a yini ba, sai ka auna. Na sha gaya wa ɗalibaina su koyi wannan takarda kafin su koyi haɗa launi. Ni kaina na taɓa yi wa wani attajiri hoton mahaifinsa, ba mu rubuta komai ba don ina jin nauyinsa. Na gama, ya ce shi mai tsawon mutum yake nufi, ba rabin jiki ba, ya riƙe cikon kuɗina har yau. Tun daga ranar, ko ɗan'uwana ne sai mun rubuta girma da kuɗi da ranar karɓa, ya kuma ba da kafin alƙalami.

Shagon kansa wata ƙaramar masana'anta ce. Fenti ba a cikin kwalba ko tub yake zuwa ba, don sai a 1841 aka ƙirƙiro tub ɗin da muke matsawa yau. Kullum sai yaro ya zauna ya niƙa garin launi da mai a kan dutse har ya yi laushi, abin da ya ragu a ɗure a mafitsarar dabba don kada ya bushe. Shuɗi mafi tsada daga wani dutse ake samo shi da ake haƙowa a Afganistan, saboda haka ba kowane yaro ake bari ya taɓa shi ba. Wani yana shafa wa kambas farin ƙasa, wani yana wanke burushi, wani ya tafi wurin kafinta karɓo allon katako. Fentin mai kuma ba ya bushewa da wuri, shafi ɗaya kan ɗauki kwanaki, shi ya sa ba wanda yake riƙe aiki ɗaya tak. Kana jiran wannan ya sha iska, kana kan wancan. Har bayan aiki ya bar shago hankalinsa yana kansa. A 1638 da ya aika wani babban zane Florence, ya rubuta cewa in an buɗe akwati an ga fari ya yi rawaya saboda daɗewa a rufe, a fitar da shi rana lokaci-lokaci, zai dawo.

Neman shiga wannan shago ya fi neman gurbin jami'a wuya. A wata wasiƙa ta 1611 ya ce ya mayar da sama da mutum ɗari masu son koyo, har da 'yan'uwansa da na matarsa, kuma ya san wasu sun ji haushi. Abin da ya ba shi damar tara yara yadda yake so shi ne muƙamin da ya samu a 1609 na mai zanen fadar Albert da Isabella, masu mulkin ƙasar a ƙarƙashin inuwar Sifaniya, wanda ya ɗauke masa dokokin ƙungiyar masu sana'ar. Ya kuma nemi alfarmar a bar shi ya zauna a Antwerp maimakon Brussels inda fadar take, aka yarda. Ya yi sa'ar lokaci ma. A shekarar ce aka ƙulla tsagaita wuta ta shekara 12 tsakanin Sifaniya da lardunan arewa da suka yi mata tawaye, wato ƙasar Holan ta yau, kuɗi suka fara motsi, kuma cocin da aka farfasa wa hotuna a rikicin addini na 1566 duk suna neman sababbi.

Tunda na ambaci coci, bari in faɗi abin da na san yana ranka. Yawancin abin da Rubens ya zana hotunan ibadar Kirista ne da tatsuniyoyin Girkawa, wasu ma da tsiraici, kuma ba shi nake ce maka ka kwaikwaya ba. Abin da za ka zana, da inda za ka tsaya game da hoton mai rai, magana ce tsakaninka da malamanka. Ni tsarin aikin nake nuna maka, kuma shi ɗaya ne ko ƙayataccen rubutu kake yi, ko adon bango, ko zanen gari da daji.

Sai zancen shiga mutane, inda yayanka ya fi yin nisa da gaskiya. A wannan sana'a zumunci wani ɓangare ne na aikin, ba hutu daga gare shi ba. Nicolaas Rockox, wanda ya sha riƙe shugabancin birnin, abokinsa ne, kuma shi ne shugaban ƙungiyar 'yan bindiga da ta ba shi ɗaya daga cikin manyan ayyukansa na babban cocin garin a 1611. Balthasar Moretus, mai babbar maɗaba'ar Plantin, tun suna makaranta suka san juna, kuma Rubens yakan zana masa shafin farko na littattafai a ranakun hutu, a kuɗi kaɗan. Jan Brueghel babba, gwanin furanni da daji, sukan yi zane ɗaya su biyu, wannan ya yi mutane wancan ya yi itatuwa da dabbobi. Rubens ne ma yake rubuta masa wasiƙunsa na Italiyanci zuwa ga masu sayen aikinsa a Milan, har Brueghel yana tsokanarsa da kiransa sakatarensa. Da Brueghel ya rasu a 1625, Rubens na cikin waɗanda suka tsaya wa marayunsa. Ga kuma wasiƙu da yake musaya da masana irin su Peiresc na Faransa a kan tsofaffin tsabar kuɗi da duwatsu masu sassaƙa da labarin yaƙi. Yana jin Latin da Italiyanci da Faransanci da Sifaniyanci ban da harshen gida, kuma da Italiyanci ya fi rubutu, bayan shekara takwas da ya yi a can daga 1600 zuwa 1608.

Ba duk hulɗar ce mai daɗi ba. Ya gane da wuri cewa zane ɗaya a bango ɗaya yake, amma in aka sassaƙa shi a farantin tagulla aka buga a takarda, zai shiga ƙasashe. Sai ya nemi takardun kariya daga hukumomi don kada wani ya buga aikinsa ba izini, ya ɗauki masu sassaƙa yana tsaye a kansu. Mafi gwanintarsu, Lucas Vorsterman, suka ɓata ƙwarai a 1622, har abokan Rubens suka nemi hukuma ta kare shi daga Vorsterman. Duk wanda ya taɓa riƙe yaro mai hazaƙa a shago ya san irin wannan rana tana zuwa.

Manyan masu ba da aiki kuwa, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A 1622 Marie de' Medici, uwar sarkin Faransa, ta ba shi kwangilar zane 24 na tarihin rayuwarta don fadar Luxembourg a Faris. Matsalar ita ce babban abin da ya faru a rayuwar tata rigima ce da ɗanta Louis na 13, wanda shi ne a kan gado, kuma zai zo ya kalla. Sai da Rubens ya lulluɓe rigimar da alamu da siffofin tatsuniya yadda ba wanda zai ji an taɓa shi, aka ma cire zane ɗaya da ya nuna korarta daga Faris, ya maye gurbinsa da wani cikin gaggawa. Ya kammala a 1625, sannan ya zauna jiran kuɗi yana ƙorafi a wasiƙu cewa ya gaji da wannan fada. Zanen suna gidan tarihi na Louvre yanzu, ɗaki guda aka ware musu.

Iya zama da manya shi ya ja shi cikin aikin jakadanci. Mai zane yana da wata dama da jakada ba shi da ita: sarki zai zauna a gabansa sa'o'i ba fadawa, kuma ba wanda zai yi mamakin ganinsa a kowace fada. Tun a 1603 sarkin Mantua ta Italiya ya aike shi Sifaniya da kyaututtuka, ruwan sama ya lalata wasu zanen a hanya, ya zauna ya gyara su ya kuma zana sabo ya cike gurbi. Bayan rasuwar matarsa Isabella Brant a 1626 ya ƙara dulmiya cikin tafiye-tafiye. Sarki Philip na 4 na Sifaniya da farko bai so a ce mai aikin hannu ne yake magana da yawun Sifaniya ba, amma daga baya ya kira shi Madrid a 1628. Watannin da ya yi yana jiran amsar fada bai zauna haka ba, ya yi ta kwafar ayyukan Titian, shahararren mai zanen Italiya, da ke fadar, mutum mai shekara hamsin da ɗoriya wanda duk Turai ta san shi, ya kuma saba da matashin mai zanen sarki, Velázquez. Daga nan ya wuce Landan a 1629, ya share hanyar sulhu tsakanin Ingila da Sifaniya da aka sa wa hannu a 1630. Jami'ar Cambridge ta ba shi digirin girmamawa, Sarki Charles na 1 na Ingila ya ba shi sarautar jarumi, Rubens kuma ya dawo gida da kwangilar rufin zauren liyafa na Whitehall, wanda har yau yana wurin. Duk tsawon wannan lokaci shagon Antwerp bai rufe ba.

Amma ka lura da inda abin ya tsaya. Duk da sarautun, akwai masu jinin sarauta da ba su daina ganinsa a matsayin mai sana'ar hannu ba, har wani babban basarake ya rubuta masa wasiƙar wulaƙanci a 1633 yana tuna masa matsayinsa. Rubens ya roƙi a sauke masa aikin jakadanci, ya koma ga burushinsa. Da ya tashi sake aure a 1630, an ba shi shawarar ya nemi 'yar fada, ya ƙi, ya auri Hélène Fourment, 'yar wani ɗan kasuwar siliki da dardumar bango, tana da shekara 16 shi yana da 53. Dalilin da ya bayar daga baya shi ne yana son matar da ba za ta ji kunya ba in ta gan shi ya ɗauki burushi.

Kaɗaicin da yayanka yake magana a kai, Rubens sai a shekaru biyar na ƙarshe ya ɗanɗana shi, kuma saye ya yi da kuɗinsa. A 1635 ya sayi wani gidan gona mai suna Het Steen tsakanin Antwerp da Brussels, yana zuwa can da iyali lokacin zafi, yana zana gonaki da shanu da fitowar rana, ba don wani ya yi oda ba. Ko a nan ba a ƙyale shi ba. A 1636 sarkin Sifaniya ya aiko da odar zane sama da 60 don wani gidan farauta kusa da Madrid. Rubens ya yi ƙananan zanen da hannunsa, ya rarraba manyan ga masu zanen Antwerp, aka yi lodi a 1638. A lokacin ciwon gaɓoɓin yana kama masa hannu har ya kwantar da shi makonni, in ya lafa ya koma aiki.

Ya rasu ranar 30 ga Mayu 1640 da aikin sarkin Sifaniya a shago ba a gama ba, sai Jacob Jordaens aka ba ya ƙarasa. 'Yarsa ta ƙarshe bayan rasuwarsa aka haife ta. A wasiyyarsa ya ce kada a sayar da tarin zanensa na takarda, wato jarin shagon, sai ƙaramin 'ya'yansa ya kai shekara 18, ko Allah zai sa wani ɗa ya gaji sana'ar, ko wata 'ya ta auri ƙwararren mai zane. Ba a samu ko ɗaya ba, aka sayar da su a 1657.